Rasuwar Marowaciya, Mai Ciyar da Kifin Falo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma fargabar da ta fi baƙin cikin nauyi, iyalan gidan Kuku, mai dafa wa ma'aikatan masana'antar kwali abinci, suna sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da abokan arziki rasuwar na'urarsu mai ba kifi abinci, wadda kowa a gidan ya sani da Marowaciya. Ta cika ranar Talatar da ta wuce, da ƙarfe bakwai na safe, a bakin aikinta, tana maƙale a gefen akwatin gilashin da ke falo, bayan jinyar kwana tara. Shekararta huɗu da wata biyu a gidan. Ta rasu cikinta cike maƙil da abinci, kuma wannan ne abin da ya hana maigidan sakat.

Ga waɗanda ba su yi sa'ar saninta ba, marigayiyar ba wata babba ba ce. Baƙa ce, gajeriya, ba ta wuce dunƙulen hannu ba. Tana da ganga mai ɗaukar abincin kifi, da 'yar kafa a jikin gangar wadda ba ta kai ƙwayar shinkafa ba. Batir biyu take ci, ba ta taɓa neman na uku ba. Sau biyu a rana, bakwai na safe da biyar na yamma, gangar takan juya ta ce ƙirrr, ta tsaya ta ce ƙas, sai 'yan ƙwayoyi su zubo a kan ruwa su nutse a hankali. Iyakar maganar da aka taɓa ji daga bakinta ke nan, ƙirrr da ƙas, kuma ba ta taɓa saɓa lokaci ba ko da na minti guda.

Matar gidan ce ta kawo ta. Mai haɗa magani ce a wani kanti da ke bakin titi, mace mai auna komai har gishirin miya, shi ya sa mijinta yake kiranta Likita don tsokana. Kifayen ma nata ne. Dangin karfasa ne, amma irin ƙananan nan da ba sa wuce tsawon ɗan yatsa ko sun tsufa. Namijin mai shuɗin jiki ne da jan baki a fiffike, mai ji da kansa, yana sintiri daga wannan kusurwa zuwa waccan kamar shi ya gina akwatin. Macen ba ta kai shi ba, ba ta da wani ado, sai in ta yi ƙwai a cikin ɓawon kwakwar da aka kife mata a ƙasa, nan take jikinta ya rikiɗe ya yi rawaya shar, ta kuma zama abar tsoro. Ba sa cin abinci a saman ruwa. Jira suke ya sauka, su ɗebi yashi a baki, su tace, su fesar da shi ta gefen kunne. Matar gidan takan zauna a kan kujerar roba bayan ta taso daga aiki, ko takalmi ba ta cire ba, tana kallon wannan tace-tacen har shayinta ya huce.

Shi kuwa Kuku, shekara ashirin da shida ke nan ludayi na hannunsa, kuma bai taɓa yarda faranti ya bar gabansa ana hango gindinsa ba. Ranar da ya fara ganin abin da na'urar ta zubo, sai da ya sunkuya ya leƙa ko wani abu ne ya toshe ta.

"Likita," ya ce, "wannan ai ko tururuwa aka ba sai ta kai ƙara."

"Cikinsu bai fi idonsu girma ba, Kuku," in ji ta. "Yunwa ba ta kashe su. Ƙoshi ne ke kashe su."

Bai yarda ba, sai ya huce a kan na'urar. Shi ya raɗa mata Marowaciya, sunan kuma ya bi ta har ƙarshen ranta.

Iyalan suna shaida cewa marigayiyar tana da halaye nagari, kuma mafi girmansu shi ne ba ta da tausayi ko ƙanƙani. Kifayen nan sun iya bara. Da sun ga inuwar mutum sai su taho gaban gilashi su tsaya suna buɗe baki suna rufewa, har ka rantse sun kwana uku ba su ci ba. Kowa a gidan zuciyarsa na karyewa, ban da ita. Ba ta san "ɗan ƙara musu" ba. Ba ta san "yau dai kawai" ba. A gidan da baƙo ba ya tashi daga kan tebur sai ya sassauta bel, a gidan da "na ƙoshi" take daidai da zagi, ita kaɗai ce ta iya cewa ya isa. Shekara huɗu ruwan akwatin nan yana nan garau, har ana karanta kalandar bango ta cikinsa. Ba wanda ya taɓa gode mata.

Ciwon ajalinta ya samo asali ne tun ranar da aka ba matar gidan gado a asibiti, za a yi mata aiki a ciki. Da safen ranar, jakarta na bakin ƙofa, mota na jira, ta dawo falo ta buɗe gangar. Ta goge hannunta da tawul sau biyu, ta zuba abinci daga gwangwani har ya kai wani layi da ta yi da farce, ta rufe, ta sa sababbin batira.

"Na kwana talatin ne," ta ce. "Kafin ya ƙare na dawo. Kada wanda ya sa mata hannu."

Mutum uku ne a falon: mijinta, da 'yarsu mai koyarwa a makarantar firamare, da yayar mijin, wadda kowa ke kira Gwaggo, da ta zo riƙe gida. Amma Kuku ta kalla da ta faɗi maganar ƙarshe.

Aikin farko bai yi yadda ake so ba. Ciwon ya ƙi haɗewa, zazzaɓi ya shigo, likitoci suka fara magana da Kuku a baranda maimakon a gaban gado. Kullum ƙarfe huɗu, da ya sauke tukunyar ƙarshe a wurin aiki, sai ya hau bene hawa uku zuwa gado na shida, na kusa da taga. Kullum kuma tambayarta biyu ce, tun kafin ya ajiye kwanon da ya kawo wanda ba za ta ci ba.

"Tana juyawa?"

"Tana juyawa."

"Da saura?"

"Da saura."

A jikin gangar akwai wata 'yar taga ta roba da ake hango abincin ciki. Kuku, wanda a da ko kallon na'urar ba ya yi sai da harara, ya zama kowace safiya sai ya duƙa ya leƙa tagar nan. Kullum abincin na sauka. A rana ta ashirin da huɗu aka ce masa za a sake shiga da ita ɗakin aiki. Ya dawo gida ya tarar abin da ya rage a gangar bai fi cikin cokalin shayi biyu ba. Matarsa ba ta taɓa faɗin magana ta tashi ba. Ta ce kafin ya ƙare za ta dawo. Ya tsaya yana lissafin kwana shida, tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba, ya ga cewa in abincin nan ya ƙare ba ta dawo ba, to maganarta ta faɗi, shi kuma bai san abin da ke bayan faɗuwar ba. Sai ya buɗe gangar ya ƙara.

Da a nan ya tsaya, da wataƙila ba a rubuta wannan sanarwa ba. Amma mai dafa abinci ba ya ƙara abu ya bar shi yadda ya same shi. Hannunsa da danshin wanke-wanke ya zuba na farko. A zubi na biyu ya shinshina ƙwayoyin ya ce wannan abu ba shi da wani armashi, ya daka busasshen kifi ya haɗa. A na uku ya sa ɗan garin burodi don ya yi auki. Ana cikin haka macen ta fito daga ɓawon kwakwa, rawaya shar, da 'ya'ya ashirin da uku suna bin ta a baya, kowanne bai fi tsinin allura ba. Kuku ya ce mai jego ba a yi mata rowa, ya sa farce ya buɗa kafar gangar kaɗan. Duk wannan da safe kafin ya fita aiki ya yi shi, Gwaggo na kicin, 'yarsa na makaranta, bai gaya wa kowa ba.

Marigayiyar ta jure. Ta yi ta juya abin da ba a halicce ta don shi ba, tana aiki a kan tururin ruwa, maiƙon kifi na kama danshi, garin burodi na kumbura. Kwana tara kafin rasuwarta muryarta ta sauya. Ƙirrr ɗin ya yi tsawo, ya yi kauri, ƙas ɗin kuma yana makara. Daga baya ta koma cewa ƙirrr, ta huta, ta sake cewa ƙirrr, kamar mai hawan tudu da kaya. Gwaggo ta ce, "Kai, wannan abar taku nishi take yi." Kuku ya ce batir ne, ya sauya batir. Ranar Talata, kwana hamsin da takwas da tafiyar matar gidan, ƙarfe bakwai ya yi, ta ce ƙirrr har sau uku. Duk gidan aka tsaya ana jiran ƙas. Wani ɗan wari kamar na ƙonannen waya ne ya tashi a madadinsa.

An garzaya da ita wurin mai gyaran agogo da rediyo da ke ƙarƙashin benen kasuwa. Ya kwance ta, ya sa tsinke ya taɓa abin da ke cikin gangar, tsinken ya ƙi shiga.

"Malam," ya ce, "wa ya dafa mata wannan? Ai dutse take ta ƙoƙarin juyawa. Injin ya ƙone ƙurmus. Sai haƙuri."

Kuku ya sa ta a aljihun rigar aikinsa ya dawo da ita gida. Da yamma ya hau bene hawa uku, aka tambaye shi, ya ce tana juyawa, ya ce da saura.

Abin da ya biyo bayan rasuwar shi ne ya sa iyalan ke roƙon a karanta wannan sanarwa har ƙarshe. Da mai cewa ya isa ta kau, sai tausayi ya ɓalle a gidan, kuma kowa a ɓoye ya yi nasa. 'Yar gidan takan barbaɗa musu kafin ta fita makaranta, don kada kifayen mamanta su wuni da yunwa. Gwaggo, wadda tun farko take ganin zalunci ake yi wa bayin Allah, ta samu sarari: gwaiduwar dafaffen ƙwai da hantsi, ɓarɓashin burodi da azahar, tana yi tana ce musu, "Ku ci, 'yan nan, ku ci, babu mai hana ku yanzu." Kuku kuma yana ba su safe da yamma da yatsu uku, yana ganin ai ya rage hannu. Kowannensu ya ɗauka shi kaɗai ne ya tuna da marayun.

Kwana biyu ruwan ya dushe. A na uku ya koma kamar ruwan wankin shinkafa, kalandar bango ta ɓace, wani farin gashi ya fara tsirowa a kan abincin da ya kwanta a yashi. Falon ya ɗauki wari, Gwaggo ta kunna turare. Namijin ya daina sintiri, ya koma kusurwa, cikinsa ya kumbura, ɓawon jikinsa ya miƙe tsaye. Ranar Asabar da safe aka same shi kwance a gefensa, bakinsa a buɗe. Iyalan suna haɗa sanarwar rasuwarsa da wannan, ko da yake ba a yi masa komai ba illa naɗe shi a takarda. 'Ya'yan kuwa daga ashirin da uku suka koma sha huɗu, ba a kuma ga gawar ko ɗaya ba. A nan ne Kuku ya tuna wata magana da matarsa ta taɓa yi tana zaune a kan kujerar robarta: in ruwa ya ɓaci, uwar ba ta barin 'ya'yanta su wahala, haɗiye su take yi.

Ranar Lahadi ya hau benen asibitin. Ya tarar ta rame ƙwarai, zoben hannunta an ɗaure shi da zare don kada ya zame. Ba ta yi tambayoyinta biyu ba. Ta kama hannunsa ta kai hancinta.

"Hannunka warin abincin kifi yake yi."

Ya faɗa mata komai, da busasshen kifin, da garin burodin, da kafar da ya buɗa, da namijin. Yana jiran faɗa, har ma yana fatansa, don mai ƙarfin faɗa da sauran ƙarfinsa. Ba ta yi ba.

"Ni fa mai awo ce, Kuku," ta ce. "Abincin kwana talatin ba ya kai hamsin da takwas. Tun ranar talatin da ɗaya na san kana ƙara mata."

"To me ya hana ki magana, Likita?"

"Ina son jin ka ce da saura."

Ya juya fuskarsa wajen taga. Ta bar shi ya gama share hawaye, sannan ta ce ya samo biro.

"Bari dai in kin dawo ki nuna min da hannunki," ya ce.

"Samo biro."

"Ai ranar Alhamis za su yi na ukun, daga nan sai gida. Me ake ci na gaggawa?"

"Kuku. Rubuta."

Shekara huɗu ba ta taɓa koya wa kowa awon nan ba, don ba ta ga ranar da wani zai buƙace shi ba. Ya san haka, ita ma ta san ya sani. Ya ari biro wurin ma'aikaciyar jinya, ya juya bayan kwalin magani, ya rubuta abin da ta faɗa, tana yi tana hutawa. Kwana uku kada a ba su komai. Kullum a kwashe kashi ɗaya cikin uku na ruwan, a zuƙe dattin da ke kan yashi da tiyo, a mayar da ruwan da ya kwana a bokiti. Bayan haka, abin da kan tsinken ashana zai ɗauka, sau biyu a rana. Na 'ya'yan a murƙushe shi tsakanin cokali biyu har ya zama gari. Abin da ba su cinye ba cikin minti biyu a fitar da shi. Hannu ɗaya ne zai riƙa ba su, ba uku ba.

"In kuma suka zo gaban gilashi suna kallona fa?" ya ce.

"Ka juya musu baya."

Yau kwana biyu ke nan da Kuku ya kulle gwangwanin abincin a cikin durowa, mabuɗin na wuyansa. Gwaggo ta daina yi masa magana, ta ce ba ta taɓa zaton ɗan'uwanta zai zama mai hana baki abinci ba. Safe da yamma yakan tsaya a falo da hannayensa biyu a aljihu, uwar ta taho gaban gilashi tana buɗe baki tana rufewa, shi kuma ya juya ya kalli bango. Mutumin da ke ciyar da ma'aikata ɗari biyu a kullum, yanzu ya san irin aikin da marigayiyar ta yi shekara huɗu tana yi, ya kuma san ba ƙaramin aiki ba ne. Ruwan ya fara washewa, ana iya hango jan rubutun kalandar, baƙin ne dai da saura.

Marigayiyar ta rasu ta bar uwar kifi guda, wadda rawayarta ta fara koɗewa, da 'ya'ya tara. An ƙirga tara da safiyar yau, an sake ƙirgawa da hantsi aka ga takwas, ana fatan ɗayan yana bayan ɓawon kwakwa. Ta bar famfon da ke hura wa ruwan iska, abokin aikinta, wanda tun ranar yake gunaguni shi kaɗai, da batira biyu masu sauran rai waɗanda ba a san inda za a kai su ba. Ta bar Gwaggo, da 'yar gida, da Kuku, wanda ya raɗa mata suna kuma ya yi sanadinta. Ta bar matar gidan, wadda ta kawo ta, a gado na shida kusa da taga, za a shiga da ita ɗakin aiki karo na uku ranar Alhamis da ƙarfe bakwai na safe. Iyalan sun lura cewa lokacin da marigayiyar ta cika ke nan.

Za a yi sallama da marigayiyar gobe Laraba da ƙarfe biyar na yamma, lokacin juyinta na biyu, a falon gidan. Ba za a kai ta bola ba, ba kuma za a ba masu sayen tsofaffin ƙarafa ba. Za a naɗe ta a tawul ɗin da matar gidan ta goge hannu da shi ranar tafiyarta, a kwantar da ita a durowar da ke ƙarƙashin akwatin gilashin. Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya su zo hannu rabbana: kada a kawo burodi, kada a kawo ƙwai, kada a matsa kusa da gilashi, kuma wanda ya san zuciyarsa ba za ta iya ba ya zauna a baranda. Wanda ke son sanin awo, ga shi nan manne a jikin gilashin, a bayan kwalin magani, da rubutun maigidan. Mai addu'a ya haɗa da 'ya'yan kifin, ya kuma ajiye mafi yawanta don ranar Alhamis.

Mai gyaran agogo ya ba da shawarar a ƙwaƙule abincin da ya daskare a gangar kafin a rufe ta, don kada ya ja tururuwa. 'Yar gidan har ta ɗauko tsinke. Maigidan ya karɓe na'urar daga hannunta, ya duƙa ya leƙa 'yar tagar, ya ce a bar shi yadda yake. Ya ce da saura.